Darasi na 7: Gyaran Gida Kafin Zafi Ya Kankama

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin shirya gida saboda zafi shi ne 'yan makonnin nan da sanyi ya ja da baya, rana kuwa ba ta soma ƙuna ba tukuna. A lokacin ne mutum zai hau rufi ba tare da ya gasu ba, masu gyara ma aiki bai yi musu yawa ba. A wannan darasi za mu koyi ta inda zafi ke shiga gida, da yadda ake tare shi tun yana waje.

Kalmomin da za mu karanta tare a allo: rufi, silin, taga, inuwa, fanka, digiri. Da digiri ake auna zafi. Ruwa na daskarewa a digiri 0, yana tafasa a digiri 100, jikin mai lafiya kuwa wajen 37 yake. Ku riƙe wannan 37, za mu dawo kanta.

Ku fara da tafin hannu

Kada ku sayi komai tukuna. Ku sami ranar da babu gajimare, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, ku zaga gidan ɗaki-ɗaki. Ku dafa kowane bango ta ciki. Ku dafa gilashin taga. Ku hau kujera ku kai hannu jikin silin. Za ku ji wani bangon sanyi ƙalau, amma na yamma da ɗumi kamar an jingina masa garwashi ta baya. Ku rubuta a littafinku wane wuri ya fi zafi, wane ke bi masa.

Bangon yamma rana yake sha tun daga tsakar rana har faɗuwarta. Ba nan take yake sakin zafin ba, adana shi yake yi, sai dare ya yi ya dinga huro shi cikin ɗaki. Shi ya sa za ku ga waje ya yi sanyi, amma ɗakin kwana ya hana barci.

Rufi

A gidan da ba bene ba, rufi ne babbar ƙofar zafi, domin shi ke fuskantar rana wuni guda. Abu mai duhu shanye hasken rana yake, fari kuwa mayar da shi yake yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rana da baƙar riga ya san haka. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce rufi irin wanda aka saba yi kan kai digiri 65 ko fiye da rana tsaka, amma rufi mai mayar da haske kan yi ƙasa da haka da fiye da digiri 28. A birnin Ahmedabad na Indiya, a shekarar 2017, hukuma ta sa an shafe rufin dubban gidajen talakawa da farar ƙasa saboda wannan dalili. Irin wannan shafe kan rage zafin cikin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. A takarda kamar ba wani abu ba ne, amma jiki ya san bambancin 36 da 32.

Ga yadda ake aikin. A share rufin, a wanke ƙura, a kankare tsatsa idan kwano ne. A toshe duk inda ke yoyo, a canza ƙusar da ta saki. Idan ya bushe sai a shafa farin fenti na rufi, a bar shi ya sha iska, a sake shafa na biyu. Shafe ɗaya ba ya rufewa. Farar ƙasa ta fi araha, sai dai ruwan sama na wanke ta, kusan kowace shekara sai an sabunta. Ko da fenti aka yi, ƙura na dusashe farin, don haka a riƙa wanke shi kafin kowane zafi.

Da sassafe ake hawa rufi, da takalmin da ba ya santsi. Tsani yana da lissafi: idan tsayin da za a hau mita 4 ne, gindin tsanin ya nisanci bango da mita 1. Wani ya riƙe muku shi a ƙasa. Idan kuma rufin ko silin ɗin tsohon asbesto ne, wato falle na siminti mai zare-zare a ciki, kada ku kankare shi, kada ku huda shi. Ƙurarsa na lalata huhu. Wannan aikin ƙwararru ne.

Tsakanin rufi da silin akwai wani fili da zafi ke taruwa. Yana buƙatar kafofin shan iska ta ɓangarori biyu, a rufe su da raga saboda tsuntsaye da ɓeraye. Mai hali ya shimfiɗa abin tare zafi a bisa silin, irin su ulun gilashi ko soson roba mai tauri. Mai taɓa ulun gilashi ya sa safar hannu da takunkumi, don yana sa ƙaiƙayi. Akwai kuma takardar alminiyam mai ƙyalli da ake sawa ƙarƙashin rufi. Ita ba ta aiki sai an bar rata ta iska a gaban ɓangaren mai ƙyallin. Idan aka manne ta ta kowane gefe, an yi asarar kuɗi.

Taga da inuwa

Gilashi na barin hasken rana ya shigo, hasken ya faɗa kan daɓe da kujeru ya zama zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Labule na taimakawa, musamman mai farin baya. Amma ku lura, kafin rana ta iso ga labule ta riga ta wuce gilashi, ta shigo gida. Saboda haka inuwar da aka yi ta waje ta fi kowane labule.

Rumfa a saman taga na tare rana idan tana sama. Tagogin gabas da yamma kuwa a karkace rana ke bugunsu, ta ƙarƙashin rumfar za ta shigo. Su abin da ke sauka ya rufe fuskarsu suke so: marfin katako mai kafofi, ko yadi mai kauri da ake naɗewa, a rataye shi da ɗan nisa daga gilashin. Bishiya a yamma da gida ta fi su duka, amma sai an yi haƙurin shekaru, kuma a dasa ta nesa da bango saboda saiwa. Kafin ta girma, a kafa sanduna a ja musu igiya, a shuka tsiro mai yaɗo ya hau.

Iska

Kuskuren da mutane da yawa ke yi shi ne wangale tagogi da rana tsaka wai a sha iska. Idan waje ya fi ciki zafi, wuta kuke shigowa da ita. Da dare da asuba ake buɗewa, a rufe da hantsi. Iska ba ta ratsa ɗaki sai tana da mashiga da mafita, don haka a buɗe tagogi biyu masu kallon juna. Iska mai zafi sama take tashi, ƙaramar taga kusa da silin na fitar da ita. To yanzu ne lokacin gyara tagar da ta ƙi buɗuwa, da ɗinke ragar da ta yage, tunda ba mai barin taga buɗe sauro na shigowa.

Fanka da na'urar sanyaya ɗaki

Da gangan na bar su a ƙarshe. Fanka ba ta sanyaya ɗaki, gumin jiki take busarwa har mutum ya ji sanyi. Ɗakin da babu kowa, a kashe ta. A goge ƙurar fukafukanta, a ɗaure ƙusoshin da suka saki. Ku tsaya a ƙarƙashinta: idan ba ku ji iska na sauko muku ba, wasu fankokin na da ɗan maɓallin juya su. Ga inda 37 ta dawo. Idan iskar ɗaki ta fi jiki zafi sosai, fanka zafi take watso wa mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi amfani da fanka ne idan zafi bai kai digiri 40 ba.

Mai na'urar sanyaya ɗaki ya zaro ragar da ke tace ƙura ya ɗaga ta a haske. Idan haske bai ratsa ba, iska ma ba ta ratsawa. A wanke, a shanya, a mayar, a kuma riƙa yi kowane wata. Injin da ke waje a share masa ganye da shara, a bar masa fili kamar santimita 60. A riƙe zare kusa da bakin ƙofa da taga. Inda ya motsa, sanyi na tsiyayewa ta nan, sai a liƙe da roba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma ba da shawarar a saita na'urar a digiri 27 a haɗa da fanka, maimakon a ƙure ta.

Akwai zafin da gida ke haifarwa da kansa. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama. A musanya shi da na LED. Firji kuma a janyo shi daga jikin bango, a share ƙurar bayansa.

Idan kuɗin hannu na abu ɗaya ne ko biyu, ni dai shawarata a fara da farin rufi da inuwar tagar yamma. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida kafin ya taɓa rufi. Yadin taga da ƙwan lantarki kuwa nasa ne, zai tashi da abinsa.

Aikin gida

1. Zana gidanku a takarda, ku nuna gabas da yamma, ku sa alama a wurare uku da suka fi zafi.
2. Bango mai tsayin mita 6 za a hau. Mita nawa gindin tsani zai nisanci bangon?
3. Rufi na da tsawon mita 10 da faɗin mita 6. Murabba'in mita nawa za a fente idan shafe biyu za a yi?
4. Rubuta jimla biyu a kan dalilin da ya sa inuwar waje ta fi labule.