Karin maganar Turanci masu tsuntsaye: wuraren da muke yawan kwafsawa

Jiya da daddare ina duba takardun yaran da nake yi wa lesin na WAEC sai na ci karo da wata jimla da ta sa na ajiye biro na yi ta dariya ni kaɗai, wata yarinya ce ta rubuta wai "the chicken has come home to roast", wato dai kaza ta kawo kanta gida a gasa ta. Wallahi ban ga laifinta ba, don na sha ganin wannan a Facebook a rubutun manya masu digiri bibbiyu, a wurinsu ta kwaso.

Abin da Bature ke cewa shi ne "the chickens have come home to roost". Kajin da yawa ne, kuma roost shi ne wurin da kaji ke hawa su kwana in magariba ta yi, akurki ne ko reshen bishiya, babu wuta babu yaji a zancen. Ma'anar kuwa ba mai daɗi ba ce, mugun abin da mutum ya aikata ne ya dawo kansa, daidai da namu na alhaki kwikwiyo ne mai shi yake bi. To a nan kuskure na biyu yake, wanda ma ya fi na farko muni, za ka ga ɗan siyasa ya koma tsohuwar jam'iyyarsa sai yaransa su rubuta wannan maganar a ƙarƙashin hotonsa suna murna wai oga ya dawo gida, ba su san baƙar magana suka gaya masa ba. Nauyin maganar ya kai a ce lokacin da aka harbe shugaban Amurka Kennedy a Nuwamban 1963, da aka tambayi Malcolm X, wani fitaccen jagoran baƙaƙen fatar Amurka, ra'ayinsa ya ce kajin ne suka dawo makwancinsu, shugaban ƙungiyarsu ta Nation of Islam, Elijah Muhammad, ya hana shi magana a bainar jama'a har kwana 90.

Yawancin kwafsawar da muke yi daga gyara take zuwa. Mutum ya ji karin magana, ta yi masa kamar ba ta cika ba, sai ya ƙara mata gishiri. "Birds of a feather flock together" ne, amma mu mun mai da shi "birds of the same feathers" har ya zauna a bakin kowa, in ka faɗi na daidai ma kallonka ake yi kamar kai ne ka yi kuskure. A hira ba wanda zai kama ka, a takardar jarrabawa kuwa jan biro zai hau kai. Haka "a bird in the hand is worth two in the bush", ana cewa at hand, wasu su ce worth more than ten, wani yaro har thousand ya rubuta min. Biyu ne kawai, kuma in the hand ne. Ka duba yadda za ka ji in wani ɗan koyon Hausa ya ce maka ƙwai a aljihu ya fi kaza a akurki, ka gane me yake nufi sarai amma kunnenka ya ƙi karɓa, a baka ne ƙwan yake. To haka su ma suke ji.

Sai na 'yan taya murna, an ba wani sarauta ko ya gama digiri a ce "another feather to his cap". In his cap ne, a jikin hular ake soka gashin. Kuma don Allah kar a haɗa shi da "feather his nest", wannan mai riƙe da amana ne yake tara wa kansa daga dukiyar da aka ba shi tsaro, harafi kaɗan ne tsakanin yabo da kiran mutum ɓarawon biro.

Wanda ya fi ba ni dariya a aji shi ne "one swallow does not make a summer". Na tambayi yara ma'anarsa sai wani ya ɗaga hannu da ƙarfin hali ya ce malam ai loma ɗaya ba ta ƙosarwa. Ban iya yi masa faɗa ba saboda a Turancin Najeriya swallow ai tuwo ne da teba da sakwara. Swallow ɗin nan tsuntsuwa ce irin tsattsewa, tana barin Turai in sanyi ya shigo ta taho Afirka, in ɗumi ya dawo ta koma, shi ne suke cewa ganin guda ɗaya bai isa a ce lokacin zafi ya kama ba. Manomi ya fi kowa gane wannan, yayyafin farko ba shi ne damina ba, wanda ya yi gaggawar shuka da shi ya san yadda ake asarar iri.

Akwai kuma matsalar da ba ta kalma ba ce, ta halin tsuntsun ce, don kowace al'umma da irin halin da ta laƙaba wa tsuntsayenta. Mu mujiya abar ƙi ce, in aka ce an mai da mutum mujiya to an tsane shi kenan ba mai son ganinsa. Su kuwa a wurinsu mujiya alamar hikima ce, kuma in Bature ya ce maka "night owl" ba zaginka ya yi ba, yana nufin kai mai raba dare ne kana aiki ko karatu, kishiyar "early bird" mai sammako, wanda su suka ce shi ke samun tsutsa mu kuma muka ce da sanyin safiya ake kama fara. Na san wani abokina da ya kwana da fushi saboda wata Baturiya da suke aiki tare ta intanet ta kira shi haka bayan ta ga yana turo saƙo ƙarfe biyun dare, sai da na zaunar da shi na yi masa bayani ya huce, har yanzu muna tsokanarsa da sunan.

Kaza ma haka, mu mun san ta da butulci, ci ki goge baki, su kuma da tsoro suka san ta, in an ce wane chicken ne to matsoraci ake nufi, "he chickened out" kuma ya ja da baya ne da abu ya zo gaba da gaba. Kuɗin da bai taka kara ya karya ba "chicken feed" suke cewa, abincin kaji, chicken change ɗin nan namu ne na gida, ka faɗe shi a Legas kowa ya gane, a Landan sai an tambaye ka. Hankaka kuwa mu mai da ɗan wani naka muka sani, su awon tafiya suke yi da shi, "as the crow flies" nisan wuri ne a miƙe ba tare da kwane-kwanen titi ba, don haka in aka ba ka kilomita da wannan lafazin kar ka auna man motarka da shi. "Eat crow" na Amurkawa ne, mutum ya cika baki abu ya zo ba haka ba dole ya lashe amansa a gaban mutane.

Agwagi biyu ne ake rikitawa, "lame duck" da "sitting duck". Na farko gurguwar agwagwa, shugaba ne da ya kusa sauka an riga an zaɓi magajinsa, yana kan kujera amma kowa ya koma gaida sabon. A Amurka ana zaɓe a Nuwamba a rantsar ranar 20 ga Janairu, da can ma sai 4 ga Maris ake rantsarwa kafin gyaran tsarin mulki na 1933 ya rage jiran. A nan ma mun san yanayin, gwamnan da ya faɗi zaɓe a Maris yana jiran 29 ga Mayu, gidan gwamnati ya yi tsit kamar an yi shara. Na biyu kuwa wanda yake fili ne ba shi da kariya, kamar agwagwar da ta zauna a kan ruwa maharbi na saitinta. Matafiyin da motarsa ta mutu a dajin da ake tare hanya sitting ne, ba lame ba.

Wasu kuma gara ka san su don ka kauce musu. "Cold turkey" ba ƙasar Turkiyya a lokacin sanyi ba ce, talotalo ne, kuma ana faɗa ne in mutum ya yanke shan sigari ko ƙwaya rana ɗaya ba a hankali a hankali ba. "Swan song" ba waƙa mai daɗi ake nufi ba, aikin ƙarshe ne kafin mutum ya yi ritaya ko ya mutu, saboda tsohon zancen da suke da shi cewa wannan farar tsuntsuwar ruwan mai dogon wuya sai za ta mutu take waƙa, kar ka je ka yaba wa mawaƙi sabon fitowa da shi. "He gave me the bird" a Amurka ba kyautar tattabara ba ce, daƙuwarsu ce ta ɗan yatsan tsakiya. Zakara ma in kana magana da Ba'amurke ka ce rooster, ɗaya sunan da aka koya mana a firamare yana da wata ma'anar ta batsa a can, ba sai na fayyace ba.

"Kill two birds with one stone" dai mun ci sa'a, har Hausa ta ɗauka, jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, illa dai masu cinye s ɗin birds. A 2018 ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta ce a daina faɗarsa wai zalunci ne, a koma "feed two birds with one scone", wato a ciyar da tsuntsu biyu da ɗan burodi guda, mutane suka yi ta yi musu dariya a Twitter.

Yarinyar mai gasasshiyar kaza na ja mata layi na rubuta roost a gefe, har na zana mata ɗan akurki da kaji uku a kai don kar ta manta. Ina buɗe takarda ta gaba sai ga wani ya rubuta "don't count your eggs before they hatch", kajin ake hana ka ƙirgawa ɗana, ƙwan ai ga su nan a gabanka ka ƙirga abinka.