Yadda za ki shirya yara makaranta cikin sanyin Ingila

'Yar uwa, ke da kika saba da hunturun Sakkwato, na Ingila daban ne, a Disamba tun ƙarhe 4 na yamma duhu ya hwara.

Tun da dare ki haɗa komai wuri guda, yunifom da safa da hula, da sahe ba lokaci.

Hwara sa ma yaron singileti mai dogon hannu wadda ke kama jiki, sannan yunifom, sai suwaita, sai jaket mai hana ruwa a sama don ruwan can ba ya sallama. Kada ki jibga mishi riga guda mai kauri ki ce shikenan, cikin aji akwai ɗumi, gara wadda zai iya tuɓewa da kanshi.

Ki shahe shi da man kaɗe, musamman leɓe da ƙahwahu, na'urar ɗumama ɗaki (hita) na busar da hwatar yara sosai.

Rubuta sunanshi jikin jaket da safar hannu, wallahi ɓacewa suke.

In akwai jariri, cire mishi jaket kahin ki ɗaure shi a kujerar mota, bel bai kama shi da kyau bisa kaya masu kauri. Ki kuma tambayi likita batun bitamin D.