Yadda za ka buga wa takarda hatimin lokaci ba tare da kowa ya ga cikinta ba

Idan kana da takardar cinikin fili ko yarjejeniyar bashi, kuma kana son hujjar cewa tun yau take a haka, ba sai ka ɗora ta a shafin wani ba. Ni OpenTimestamps nake amfani da shi, tsarin buga hatimin lokaci ta intanet wanda Peter Todd ya fitar a 2016. Kyauta ne, ba rajista, datar da zai ci ma ba ta taka kara ta karya ba.

Mayar da takardar PDF tukuna. Kada ka yi da Word, abu kaɗan ke sauya fayil ɗinsa. Buɗe opentimestamps.org ka jefa fayil ɗin a akwatin. Burauzarka ce za ta lissafa zanen yatsansa, wato jerin haruffa da lambobi 64 da ke bambanta shi da sauran fayiloli, da dabarar lissafi mai suna SHA-256, takardar kuwa tana nan a na'urarka, ba ta zuwa ko'ina. Za a sauke maka ƙaramin fayil mai ƙarewa da .ots, shi ne hatimin naka.

To, a nan ne na ga mutane da dama sun yi asarar wahalarsu. Daga lokacin da ka buga hatimin, asalin fayil ɗin takardar ya zama abin kallo kawai. Waƙafi ɗaya ka ƙara, zanen yatsan ya canza gaba ɗaya. Wani ya buɗe ya sake adanawa, wani ya rage masa nauyi don ya shiga imel, wani kuma hoton takarda ya buga wa hatimi sannan ya tura ta manhajar hira a matsayin hoto, ita kuwa matse hotuna take yi. A ido babu bambanci, amma ranar tantancewa sai lambobi su ƙi haɗuwa, kuma babu mai iya gyara maka. Canza sunan fayil ba ya ɓata komai, taɓa cikinsa ne matsalar. Dokata ita ce: asalin fayil da .ots ɗinsa su zauna a folda ɗaya, kwafi a filashi, turawa kuma sai a matsayin fayil.

Bayan buga hatimin, ka jira 'yan awoyi hujjar ta shiga rumbun Bitcoin, wato kundin da ake rubuta cinikayyar kuɗin intanet na Bitcoin a ciki. Mai son tantancewa zai jefa .ots a shafin, ya bi shi da asalin fayil, kwanan wata ya fito.

Shi hatimin nan, lokaci kawai yake tabbatarwa, ba ya nuna wanda ya rubuta takardar ko gaskiyar abin da ke ciki. Don haka shaidu su sa hannu kafin ka yi sikanin.