Ɗumama gida da ƙwayar katako a Faransa: inda take rage kuɗi da inda ba ta ragewa

Wanda ya taso a Damagaram ko Maraɗi ko Katsina ya san sanyin wata biyu zuwa uku: a ƙara bargo, a ji ɗumi da asuba, hantsi na dubawa an wuce wurin. Na Faransa ba haka yake ba. A arewa da gabashin ƙasar, irin su Lille da Nancy da Strasbourg, ana kunna abin ɗumama gida tun tsakiyar Oktoba, ba a kashe shi sai cikin Afrilu, kuma shi ne ke cin kaso mafi tsoka a kuɗin makamashin gida. Shi ya sa baƙo ba zai daɗe ba sai ya ji wani ya ce masa: "Ku koma granulés mana, ya fi araha." Maganar da gaskiyarta, amma ba ga kowane gida ba.

Granulés, ko pellets kamar yadda aka rubuta a wasu buhunan, garin katako ne daga masana'antun yankan katako. Ana busar da shi, a matse shi da inji har ya dunƙule, zafin matsar ya narkar da ƙaron da ke cikin itacen ya riƙe shi. Kaurinsa milimita 6, tsawonsa bai wuce santimita 4 ba. In ka zuba a tafin hannu sai ka ce abincin kifi ne. A nan za mu kira shi ƙwayar katako. Ana sayar da ita a buhun leda mai kilo 15, ko a tari guda kan dandamalin katako da suke kira palette, wanda yakan ɗauki buhu 65 zuwa 72, wato kimanin tan guda.

Ba a kwatanta buhu da lita, ko lita da takardar wuta. Sai an mai da kowanne ma'auni ɗaya, wato kWh. Wannan ba baƙon abu ba ne: shi ne yunit ɗin da ake saye a mitar kati a gida. Kilo ɗaya na ƙwaya mai kyau yana da kusan kWh 4.8. Lita ɗaya ta fioul, man ɗumama gida ɗan'uwan man dizal, tana da kusan 10. Ke nan kilo biyu na ƙwaya ya yi kusan lita ɗaya ta mai. Sai dai ba duk zafin ne ke zama a ɗaki ba, wani yana bin hayaƙi. Murhun ƙwaya mai lafiya yakan bar maka kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari. Buhu guda, wanda ke da kWh 72 a rubuce, abin da zai shiga jikinka kusan 64 ne.

Ga lissafi da farashin misali, kai kuma ka sa na garinku na yau. A ce buhu Yuro 6 ne, kusan jaka huɗu ke nan na sefa. Raba 6 da 64, kowane kWh na ɗumi ya tashi santim 9 da ɗoriya (santim 100 ne Yuro ɗaya). Hitar lantarki ba ta asarar komai, amma kuɗin wutar ne ke da zafi: farashin da hukuma ke ƙayyadewa ya kai kusan santim 25 a 2024, ya sauko wajen santim 20 a Fabrairun 2025. Ɗumin da buhun Yuro 6 zai ba ka, hita sai ta ci kusan Yuro 13 kafin ta kawo shi. Fioul a Yuro 1.15 lita, cikin tsohuwar tukunyar dafa ruwan ɗumama gida da ke ba da kashi 85, zai tashi santim 13 da rabi. Iskar gas ta bututu a santim 11, cikin tukunyar zamani, wajen santim 12, ban da kuɗin rajista na wata-wata. Sai kuma pompe à chaleur, na'urar da ke aiki kamar firji a juye, tana jawo ɗumi daga iskar waje ta tura cikin gida. Ita yunit ɗaya na wuta takan mai da shi kusan uku na ɗumi, don haka tana tashi ƙasa da santim 7, ta doke ƙwaya.

Hoton ya fito ke nan. In da hitar lantarki kake ɗumama gida, musamman tsofaffin nan na jikin bango da Faransawa ke yi wa laƙabi da grille-pain, wato abin gasa burodi, ƙwaya za ta rage maka fiye da rabi a kan kowane yunit. In fioul ne ko gas na tanki, akwai riba mai kyau. In gas na bututu ne, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. In gidan na da pompe à chaleur mai lafiya, ka bar zancen.

Amma kuɗin buhu ba shi ne dukan kuɗin ba, kuma a nan mutane suka fi ruɗuwa. Murhun da kansa, da bututun hayaƙi, da ladan mai haɗawa, yawanci suna tashi tsakanin Yuro 3,000 da 6,000. Babbar tukunya mai tura ruwan zafi ɗaki-ɗaki, da rumbunta, ta kan ninka wannan sau uku ko fiye. Ɗauki gidan da ke buƙatar kWh 10,000 na ɗumi a shekara. Da lantarki zalla Yuro 2,000 ne. Mai talla zai nuna maka cewa buhu 156 sun isa, Yuro 940, ka tsira da fiye da dubu. Abin da ba zai faɗa ba shi ne murhu falo yake ɗumamawa da abin da ke kusa da shi. Ɗakin kwanan da ke ƙuryar lungu, da banɗaki, da ruwan wanka, duk suna nan kan lantarki. A ce murhun ya ɗauke kashi 70: buhu 110 ke nan, Yuro 660. Ƙara kamar 200 na gyara da sharar bututu duk shekara, da kamar 30 na wutar da murhun ke sha. Ya zama 890 a madadin 1,400. Ribar shekara ta dawo ɗari biyar da 'yan kai. In ka kashe 4,500 wajen haɗawa, sai ka shekara kusan tara kafin uwar kuɗi ta dawo. Wanda bai san ko zai shekara uku a garin ba, wannan ba cinikinsa ba ne.

Akwai tallafin gwamnati mai suna MaPrimeRénov', amma na masu gida ne, ba na 'yan haya ba, kuma sai mai haɗawar yana da shaidar ƙwarewa da hukuma ta amince da ita, wato RGE. An rage kason murhun itace a 2024, aka sake ragewa a 2025, don haka kada ka gina lissafi kan abin da wani ya samu shekarun baya. Ofisoshin France Rénov', na gwamnati masu kula da gyaran gidaje, suna ba da shawara kyauta, ka fara da su kafin ka sa hannu a takardar ɗan kwangila.

Farashin ƙwayar ma ba a tsaye yake ba. A 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, Tarayyar Turai ta hana shigo da katako daga Rasha, kuɗin wutar masana'antu ya hau, mutane suka yi rububin tarawa. Buhun da ake saye wajen Yuro 5 ya haura 10 a wurare da yawa, wani lokacin ma ga kuɗi babu kaya. A wannan farashin ɗumin ƙwaya ya yi kusan kunnen doki da na lantarki, wanda a lokacin gwamnati ta danne shi wajen santim 17. Daga baya farashin ya sauko. A shekarar da babu rikici, ƙwaya ta fi araha daga Afrilu zuwa Yuli, kamar dai hatsi da kaka, kuma sayen palette guda ya fi sayen buhu ɗai-ɗai sauƙi. A yi hattara da shafukan intanet masu karya farashi su ce a tura kuɗi ta banki tukuna. Da yawa na 'yan damfara ne, kaya ba zai zo ba.

Yawancin sababbin zuwa haya suke yi a gidan bene, kuma a nan zaɓin ba naka ba ne. Ba ka da ikon huda bango ko rufi ba tare da rubutaccen izinin mai gida ba, a ginin da mutane da yawa suka mallaka ma sai taron masu ginin ya yarda. Ga ɗan haya, wurin da ake cin riba ko a faɗi shi ne ranar duba gida. Tambayi ko ɗumamawar collectif ce, wato ta ginin baki ɗaya da ake sakawa cikin kuɗin wata, ko individuel, wadda kai za ka biya da kanka. Tambayi da me take aiki. Duba takardar DPE, wadda dole a nuna maka: tana ba gida maki daga A, mafi kyau, zuwa G, mafi muni, bisa yawan makamashin da yake ci da gurɓatacciyar iskar da yake fitarwa. Tun Janairun 2025 doka ta hana ba da sabuwar hayar gida mai G. Gida mai F da hitar lantarki, ko da hayarsa ta fi ta wani gida sauƙi da Yuro hamsin a wata, zai karɓe su da riba a Janairu.

In kuwa ka kama gidan ƙasa a ƙaramin gari ka tarar da murhun ƙwaya a falo, to ka san yadda yake. A samansa akwai ma'aji mai cin buhu ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wani ƙarfe mai murɗe kamar na injin markaɗe yana ɗibar ƙwayar kaɗan-kaɗan yana zubawa cikin ɗan kaskon ƙarfe mai huda-huda. Wata sandar lantarki, bougie, ita ke kunna wutar. Fanka ɗaya na fitar da hayaƙi, ɗaya na huro ɗumi cikin ɗaki. Duk da lantarki suke aiki, saboda haka in wuta ta ɗauke murhu ya mutu, ko da rumbu cike yake. Yakan ci daga rabin kilo zuwa kilo biyu a awa, a tsakiyar sanyi ka ƙiyasta buhu ɗaya a yini.

Galibin matsalolinsa daga ɗan kaskon nan suke farawa. In hudojin suka toshe da toka, iska ba ta shiga, harshen wutar ya yi ja ya yi laƙwas, gilashin ƙofa ya yi baƙi cikin yini ɗaya. Wuta mai lafiya rawaya ce mai haske, tana rawa da kuzari. Kullum, ko bayan kwana biyu, in murhu ya huce sarai, ciro kaskon, ka kankare shi, ka tabbatar kana hango haske ta kowace huda. In ka tarar da dunƙule mai tauri kamar kashin maƙera, ƙwayar ce ba ta da kyau, akwai ɓawo ko ƙasa a cikinta. In murhu ya ƙi kamawa, kada ka sake danna maɓalli sai ka zubar da ƙwayar da ta taru a kaskon. In ba haka ba, hayaƙi zai cika cikin ya kama gaba ɗaya da ƙara, har gilashi na iya fashewa. Kada a ƙara ƙwaya da hannu, kada a zuba kananzir. Kuma ba a kashe shi da zare filogi: ana kashewa ta maɓallinsa, a bar fankar ta gama kwashe hayaƙi. Toka a bokitin ƙarfe mai murfi ake zuba ta, don garwashi na iya kwana a ciki da ransa. Gilashin yana ƙona fata nan take, gidan da ke da mai rarrafe sai an yi masa shinge.

Wajen saye, nemi tambarin ENplus A1, ko DINplus, ko NF a jikin buhu. Ma'aunin A1 shi ne danshi bai wuce kashi 10 ba, toka ba ta wuce kashi 0.7 ba. Ɗaga buhun ka dubi gindinsa: in gari ya taru da yawa, ajiye shi, garin ne ke cushe ƙarfen murɗen nan. Ƙwaya mai kyau tana da santsi da ɗan sheƙi. Abokin gabarta ruwa ne, da ta sha laima sai ta kumbura ta koma gari, ba ta kuma gyaruwa. A ajiye buhuna a kan katako, nesa da bango mai gumi, ba a baranda ba.

Sharar bututun hayaƙi da duba murhu dole ne a doka, aƙalla sau ɗaya a shekara, wasu jihohin sau biyu, kuma a gidan haya yawanci ɗan haya ke biya. Ƙwararre ne zai yi, ya ba ka takarda. Adana ta, don in gobara ta tashi kamfanin inshora zai tambaya.

Akwai abin da ya fi duk wannan lissafi muhimmanci. A gida mun saba shigar da kaskon gawayi ɗaki da hunturu, kuma can ma yana kisa, duk da iskar da ke shiga ta ƙofa da taga. Gidan Turai a rufe yake ruf. Gawayi, ko murhun gashi, ko ƙwayar katako a kasko, ko janareta, in aka kunna a ciki suna fitar da iskar guba mai suna monoxyde de carbone, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sau da yawa ga mutanen gida duka lokaci ɗaya. In haka ta faru a buɗe tagogi, a fita waje, a kira 112 ko 18. Ko kaskon turaren wuta kada a bar shi da garwashi a rufaffen ɗaki a kwanta. Hitar kananzir ma ba a barinta fiye da awa biyu a jere. Ƙananan ramukan shan iska da ke saman taga ko ƙasan bango, kada a toshe su da tsumma don gudun sanyi. Na'urar gano wannan iskar ba ta da tsada, kuma daban take da ta gano hayaƙi da ke manne a silin.

Wanda kuɗin ɗumama ya fi ƙarfinsa ya je CCAS, sashen taimakon jama'a, a ofishin magajin gari ya nemi taimako tun bashi bai taru ba. Masu ƙaramin ƙarfi da suka cike takardar haraji suna iya samun chèque énergie, takardar tallafin makamashi ta gwamnati, daga Yuro 48 zuwa 277 a shekara, kuma ana biyan wuta ko gas ko ƙwaya da shi. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a yanke wa gida wuta ko gas saboda bashi, ko da yake ana iya rage ƙarfin wutar. Sannan ka saita falo a digiri 19, ɗakin kwana 16 ko 17. Hukumar muhalli da makamashi ta Faransa, ADEME, ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka rage yana sauke kusan kashi 7 na abin da ake ƙonawa, ko ƙwaya ce ko gas ko lantarki.