Na'urar naɗe igiyar fatsar ƙuda ta aikin hannu: ƙira, saye da kulawa

A kamun kifi da ƙudan bogi, wato ƙugiyar da aka yi wa siffar ƙwaro, igiyar ce mai nauyi, ita ake wurgawa. Aikin na'urar shi ne ta riƙe igiyar, ta kuma sake ta a hankali idan kifi ya ja. Saboda haka ingancinta yana cikin abu biyu: daidaiton sassaƙa da kyawun birki.

Maƙera na gari suna yanko jiki da kwarkwaro daga dunƙulallen alminiyam, nau'in da ake kira 6061-T6, a kan injin sassaƙa ƙarfe, domin wanda aka narka aka zuba a zubi yakan tsage idan ya faɗi a kan dutse. Bayan sassaƙa sai a tsoma shi a ruwan asid a sa masa lantarki, ya yi fata mai tauri da ke kare shi daga cin gishiri. Inda aikin yake da wuya shi ne ratar da ke tsakanin kwarkwaro da jiki. Siririn zaren ƙarshe, wanda ake ɗaura wa ƙugiya, mai lamba 5X kaurinsa kusan milimita 0.15 ne kawai. In ratar ta yi faɗi sai ya shige ya maƙale, ya tsinke daidai lokacin da kifi ke gudu. In ta matse kuma, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tsai da komai.

Wajen saye, fara daidaita lambar na'ura da ta sanda da igiya: mai lamba 5 ta tafi da mai lamba 5. Ka tabbata za ta ɗauki igiyar tare da zaren ajiya, wanda ake naɗawa a ƙarƙashinta, kamar mita 90. Juya kwarkwaron kana kallon bakinsa. In yana lilo, ƙarfen tsakiya ya lanƙwashe, ka bar ta. Ja igiya a hankali ka ji yadda birki ke farawa. Wanda ke cijewa kafin ya saki shi ne mai tsinka zare. Tambayi maƙerin ko yana ajiye kayan birki na canji, wato sifirin (ƙarfe mai tsalle) da harshen ƙarfe, don ba za ka same su a kanti ba.

Birki mai ƙas-ƙas, wato harshen ƙarfe da ke bin haƙoran giya, ya wadatar wa ƙananan kifaye. Manyan kifin teku kuwa sai birkin faifai. In faifan na ɓawon kok ne, irin na toshiyar kwalba, a shafa masa ɗigo ɗaya ko biyu na man da maƙerin ya ambata, kuma a sassauta birkin gaba ɗaya kafin ajiya, in ba haka ba ɓawon ya danne ya daina kamawa.

Duk ranar da ta shiga ruwan gishiri, cire kwarkwaro, ɗauraye da ruwan daɗi mai ɗumi, a bari ya bushe sarai a inuwa kafin a mayar cikin jaka. Ɗigon mai ɗaya a ƙarfen tsakiya, giris kaɗan a haƙoran giya. Kada ka fesa mai wanke tsatsa a ciki, yana wanke giris ɗin ya bar ƙarfe yana gogar ƙarfe.