Yadda ake shan ganyayyakin da ke taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da an jawo wa kai matsala ba

Duk ganyen da ya sa ka barci ko ya wartsake ka, ƙwaƙwalwa ya taɓa, don haka a auna shi kamar yadda ake auna ƙwaya. Fara da guda ɗaya tak. In ka haɗa uku ka tashi da jiri, ba za ka san wanne ya jawo ba.

Mai fama da rashin barci ya fara duba shayinsa. Kafeyin, sinadarin da ke cikin shayi mai hana barci, yana toshe wurin da sinadarin adenosin ke kamawa, shi kuwa adenosin shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an gaji. Bayan kusan awa 5 rabin kafeyin na nan a jini, wato shayin la'asar bai gama aikinsa ba lokacin kwanciya.

In babunaj (chamomile, furen da ake shan shayinsa don barci) za a sha, a zuba giram 2 zuwa 3 na busasshen furen a kofi, a kwarara ruwan zafi, a rufe minti 10. Rufewar ce mutane ke mantawa, sai tururi ya tafi da man da ke cikinsa. Ƙarfinsa kaɗan ne, kada a sa ran zai kayar da mutum. Saiwar baleriyan (valerian) kuma, wadda ita ma don barci ce, miligiram 300 zuwa 600 na tataccen sinadarinta ake sha awa ɗaya kafin kwanciya. Kada a haɗa ta da ƙwayar sa barci irin diazepam ko giya, domin dukkansu sanyaya ƙwaƙwalwa suke yi, kasala da maye su ninku.

Wanda ya fi haɗari shi ne ganyen St John's wort da ake sha don ciwon damuwa. Yana ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, in ya haɗu da ƙwayar ciwon damuwa irin fluoxetine sai makyarkyata, gumi, zazzaɓi da ruɗewa su biyo baya. Wannan asibiti ake nufa nan take. Yana kuma sa hanta ta yi saurin narkar da ƙwayar tazarar haihuwa, warfarin (maganin hana jini daskarewa) da magungunan cutar ƙanjamau, su rasa ƙarfi ba a sani ba.

Ganyen ginko kuwa ana tallarsa a matsayin maganin mantuwa, amma binciken da aka fitar a Amurka a 2008 kan tsofaffi fiye da 3,000 ya nuna bai hana ciwon mantuwa ba. Mai farfaɗiya ya guje shi, haka mai shan asfirin ko warfarin saboda zubar jini. Wanda za a yi wa tiyata ya daina sha mako biyu kafin ranar, ya kuma gaya wa likita cewa yana sha.