Yadda Za Ki Taimaka Wa Ɗanki Ya Koyi Magana

Yaro yana fara koyon magana tun kafin ya furta kalmar farko. Wajen wata 6 ake soma jin gwarancinsa, "ba-ba", "da-da". Kalma mai ma'ana kan fito kusa da shekara 1, a shekara 2 kuma yawancin yara na haɗa kalma biyu, kamar "Baba zo". Abin da ke ciyar da wannan gaba shi ne hira ta ba-ni-in-ba-ka.

Da farko, ki sauko daidai tsayinsa, ido cikin ido. Yana kallon leɓɓanki kamar yadda yake sauraron muryarki.

Na biyu, kuma nan ne da yawanmu muke gazawa: ki yi masa magana, sai ki yi shiru. Ki ƙirga biyar a zuci. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana ɗaukar lokaci kafin ta haɗo amsa, mu kuwa manya garaje gare mu, sai mu amsa masa da bakinmu. In ya mayar miki da sauti, ko murmushi, ko nuni da yatsa, ki karɓa kamar ya yi cikakkiyar magana. A nan yake gane cewa muryarsa tana da amfani.

Na uku, ki bi idonsa. Abin da ya ƙura wa ido shi za ki faɗa masa sunansa. In ya ce "mota", ki ɗora masa: "jar mota, tana gudu". In ya karya kalma kada ki tsawata, ki maimaita ta daidai kawai.

Lokacin wanka da sa tufafi duk damar hira ce. Waƙa da littafi mai hotuna ma haka. Harshe biyu a gida kuwa ba ya hana yaro magana, kada ki bar naki.

Na huɗu, ki rage masa waya da talabijin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Allo ba ya jiran amsar yaro.

Ki kai shi asibiti in ya cika wata 12 ba gwaranci ba nuni, ko wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko ya daina faɗin kalmomin da ya riga ya iya. Ki nemi a gwada jinsa, domin ciwon kunne mai yawan dawowa kan tara ruwa a bayan dodon kunne, ya dusashe ji ba tare da kowa ya lura ba.